Idan Ɗan Haya da Mai Gida Suka Saɓa a Kan Kuɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, mafi yawanmu a zangunan Kumasi a gidan haya muke zaune. Daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, haka ma 'yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Akra, gida ɗaya sai ka tarar da iyalai takwas ko goma, mita ɗaya, famfo ɗaya, salga ɗaya. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓanin da ya fi yawa tsakanin ɗan haya da mai gida kuwa a kan kuɗi yake: adibans, ƙarin haya, kuɗin wuta, kuɗin gyara, da kuɗin da aka ce an biya ɗayan ya ce bai gani ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Saboda sidi 500 za ka ga mutum biyu suna sahu ɗaya a masallaci amma ba sa gaisawa, matansu sun daina magana a tsakar gida, 'ya'yansu sun gaji gabar. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne, kuɗin haya haƙƙin bawa ne. Tuba kaɗai ba ta sauke shi, sai an biya ko mai shi ya yafe. Don haka muka ga ya dace mu yi bayanin yadda ake warware irin wannan rikici bisa fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a makarantunmu, tare da abin da dokar Ghana ta tanada. Maganar a taƙaice ita ce: a koma ga abin da aka ƙulla, a ɗauki kowane kuɗi a dube shi shi kaɗai, kuma kada wani ya zama alƙalin kansa.

Mece ce haya a Shari'a?

Haya sayar da amfani ce. Mai gida bai sayar maka da ɗakin ba, zaman ɗakin ya sayar maka zuwa wani lokaci. Malamanmu suna kiran hayar gida da ta abin hawa kira'i, kuma mai littafin Risala ya bayyana cewa hukuncinta irin na ciniki ne wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta. Saboda haka dole abu uku su zama sanannu tun farko: wane ɗaki, nawa ne kuɗinsa, zuwa yaushe. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alƙawuran da suka ƙulla, haya kuwa tana cikinsu.

Malikiyya sun kasa hayar gida biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara ɗaya daga watan kaza zuwa watan kaza. Wannan ta ɗaure su duka biyu, babu mai warware ta shi kaɗai. Akwai kuma ta wata-wata, wato a ce kowane wata sidi kaza ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Wannan kowannensu yana iya tsayar da ita, sai dai in an riga an biya kuɗi, to ta lazimta gwargwadon watannin da aka biya. Tambayar farko ke nan da mai sulhu zai yi: wace iri kuka ƙulla?

Mu lura da abu biyu da suke yawan kawo tashin hankali. Na ɗaya, haya ba ta warwarewa don ɗan haya ya rasu ko mai gida ya rasu. Magada suna tsayawa a matsayin mamacin. Wato 'ya'yan marigayi ba su da ikon cewa adibans ɗin da babansu ya karɓa ya bi shi kabari, haka kuma ba a korar matar mamaci daga ɗakin da mijinta ya biya. Na biyu, sayar da gida ba ya rushe hayar da ke kansa a wurin jamhurun malamai. Wanda ya saya sai ya jira wa'adi ya cika, in kuwa an ɓoye masa, rigimarsa da wanda ya sayar masa take.

Adibans

Biyan haya kafin a zauna halal ne a asalinsa. Amma Dokar Haya ta 1963, doka mai lamba 220, ta sa iyaka: in haya ta wata-wata ce, mai gida ba zai nemi fiye da na wata ɗaya gaba ba, in kuwa wa'adinta ya wuce wata shida, ba zai nemi fiye da na wata shida ba. Kowa ya san abin da ake yi a gari ya saɓa wa wannan, shekara ɗaya ko biyu ake nema. Muna tunatar da masu gidaje cewa idan hukuma ta sa iyaka a kan abin da yake halal don ta kare masu ƙaramin ƙarfi, bin ta wajibi ne muddin ba saɓon Allah ta yi umarni da shi ba. Mutane da yawa sun faɗa bashi mai riba don su haɗa adibans ɗin shekara biyu. Wanda ya matsa musu ya duba ko zai so a tambaye shi wannan.

To, in an riga an biya, sai rabuwa ta zo kafin wa'adi fa? Mu ɗauki misali. Ɗaki sidi 300 a wata, an biya shekara biyu, ya zama 7,200. Bayan wata 15 an ci 4,500, saura 2,700. Idan mai gida ne yake son ɗakinsa, ba shi da ikon tilasta wa ɗan haya ya tashi. In ɗan haya ya yarda, to 2,700 ɗin nan bashi ne a wuyan mai gida nan take. Haka nan in ɗakin ya rushe ko ya zama ba ya zaunuwa, haya ta warware a sauran watannin, a mayar da kuɗinsu.

Idan kuwa ɗan haya ne ya ga dama ya tashi, ko aiki ya mayar da shi Tamale, ba zai tilasta wa mai gida ya mayar masa ba, tunda ɗakin yana nan a hannunsa. Abin da ya fi kyau shi ne mai gida ya karɓi uzurinsa su warware cinikin cikin yarda, domin an kwaɗaitar da Musulmi ya sauƙaƙa wa wanda ya yi nadamar ciniki. Al'adar da aka saba, ta jira sai sabon ɗan haya ya shigo sannan a mayar, ba laifi in sun amince. Abin da bai halatta ba shi ne mai gida ya zuba sabon mutum a ɗakin, ya karɓi kuɗinsa, ya kuma riƙe na wancan. Wata guda ba a cin hayarsa sau biyu. Shi ma ɗan haya kada ya saka wani a ɗakin a ɓoye, ya nemi yardar mai gida a rubuce.

Ƙarin haya a tsakiyar wa'adi

A 2022 darajar sidi ta faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba. Masu gidaje da yawa suka ga kuɗin da suka karɓa ya narke a hannunsu, siminti da kwano sun yi tsada, sai wasu suka koma wa 'yan haya da cewa a yi ciko. Mun san zafin abin, musamman ga tsohuwar da ɗakuna huɗun nan su ne abincinta da na marayunta. Amma hukunci bai canza ba. Watannin da aka ƙulla a kan farashi sananne, an gama cinikinsu. Da farashi ya faɗi, ai mai gida ba zai mayar da rara ba. Ƙari sai wajen sabuntawa, tare da sanarwa tun da wuri don mutum ya shirya. In suka kasa daidaitawa a kan sabon farashi, doka ta ba jami'in haya ikon ya zo ya duba ɗakin ya ƙiyasta abin da ya dace. Ɗan hayan da Allah Ya buɗa masa, ya ga halin da mai gidansa yake ciki ya ƙara masa don kansa, wannan kyautatawa ce kuma yana da lada.

Kuɗin wuta, famfo, bola da salga

Waɗannan ba haya ba ne, kuɗin tarayya ne. Wanda yake tattara su, mai gida ne ko babban ɗansa ko wani daga cikin 'yan haya, wakili ne da aka ba amana. Wakili kuwa ba ya cin riba a kan waɗanda ya wakilta ba da saninsu ba. In wuta ta ci sidi 600 a wata aka tara 750, ragowar 150 na masu biya ne. Ko a mayar musu, ko a ajiye wa wata mai zuwa da saninsu. Kowane mai biya yana da haƙƙin ya ga takardar kuɗin ko saƙon sayen wutar, kuma neman ganinta ba rashin kunya ba ne.

Rabon ma a yi shi da adalci. Tsarin maki da gidaje da yawa suke bi, wato a ƙirga ƙwan fitila da fanka da firji da dutsen guga na kowane ɗaki, tsari ne mai kyau in an yi gaskiya. Mai gida ya sa nasa kayan a lissafi, kada ya sha wuta a kan talakawansa. Ɗan haya kuma da yake ɓoye hita a ƙarƙashin gado, ko mai sayar da ƙanƙara da ta ce firjinta ɗaya alhali biyu ne, su sani dukiyar maƙwabta suke ci. Inda hali ya yi, raba mita ya fi zaman lafiya.

Kwasar salga da kuɗin bola, abin da aka sharɗanta shi ake bi, in ba a yi sharaɗi ba a koma ga al'adar gari. Malikiyya sun halatta a sharɗanta kwasar masai a kan ɗayansu tun wajen ƙulla haya. Harajin gini da hukumar gari take karɓa kuwa na mai mallakar gini ne, ba a wayi gari a ɗora wa ɗan haya shi da sunan wani sabon kuɗi ba.

Kuɗin gyara

Nan ne ake yawan jin, "Ai na gyara rufi da kuɗina, don haka ba zan biya wata uku ba." Mu tsaya mu duba. Gyaran abin da ya tsufa ko ya lalace da kansa, kamar yoyon rufi da tsagewar bango, ba ya kan ɗan haya. A mashahurin zancen mazhaba, idan aibin yana cutarwa kuma mai gida ya ƙi gyarawa, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware haya ya karɓi sauran kuɗinsa, ko ya zauna ya biya yadda aka yi. In wani sashe ne ya rushe, kamar ya kama ciki da falo sai falon ya faɗi, ana rage masa haya gwargwadon abin da ya rasa.

Amma wanda ya kira magini ba da izinin mai gida ba, malamai suna ɗaukarsa mai sa kai ne, ba zai tilasta a biya shi ba. Hanya mai sauƙi ita ce a faɗa wa mai gida tukuna, a yarda da adadin kuɗin, a rubuta cewa za a cire daga haya, a ajiye rasit ɗin kwano da ƙusa da ladan kafinta. Wannan ya halatta ba tare da wata shubuha ba. Abin da ɗan haya ko yaransa suka fasa da ganganci ko sakaci kuwa, shi zai biya.

Tarar jinkiri, kuɗin ajiya da la'ada

Wasu masu gidaje suna cewa duk wanda ya wuce ranar biya zai ƙara sidi kaza a kowane mako. Ya 'yan'uwa, hayar da lokacinta ya yi ta zama bashi, ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuwa shi ne ainihin ribar da Alƙur'ani ya haramta. Ko an rubuta a takarda, ko ɗan haya ya sa hannu, sharaɗin ɓatacce ne. Mai gida yana iya neman wanda zai tsaya wa ɗan haya, ko jingina, ko ya ƙi sabunta masa, amma ban da ƙari.

Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna na ɗan haya ne har ranar da zai fita. Ba a taɓa shi sai gwargwadon ɓarnar da ta tabbata ko bashin da ya rage, kuma dusashewar fenti saboda daɗewa ba ɓarna ba ce. Kafin alƙalami da ake bayarwa don a riƙe wa mutum ɗaki, in za a lissafa shi cikin haya kuma a mayar in an fasa, babu laifi. In kuwa sharaɗin shi ne wanda ya fasa kuɗinsa ya tafi, Imam Malik ya hana wannan a Muwaɗɗa, ko da yake Hanbaliyya sun halatta.

La'adar dillali halal ce in an san adadinta da wanda zai biya tun farko. A gari an saba da kashi 10 cikin 100, amma dokar 1963 ta tsayar da ita a kashi 5 cikin 100 na hayar shekara ɗaya. Dillalin da yake karɓar kuɗin zuwa ganin ɗaki alhali ya san an riga an bayar da ɗakin, wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya.

"Na biya." "Ba ka biya ba."

Ƙa'idar da ɗalibanmu suka haddace a hadisi na 33 cikin Arba'una ita ce take aiki a nan: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Abin lura shi ne wane ne mai da'awar. A maganar biya, asali shi ne kuɗi yana wuyan wanda ya zauna a ɗaki, don haka ɗan hayan da ya ce ya biya shi zai kawo shaida. A maganar ɓarna kuwa, ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, don haka mai gidan da ya ce an lalata masa ƙofa shi zai kawo shaida.

Saboda haka kada a ba da kuɗi a duhu. Doka ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit da katin haya. In ta momo aka tura, a rubuta watan da aka biya wa, kuma kada a goge saƙon. In ɗan mai gida ko mai kula da gida ne ya zo karɓa, a tabbatar daga bakin mai gida cewa shi ya aiko shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce, "Haba, ni za ka nemi takarda a wurina?" sai a amsa masa da ladabi cewa mantuwa da mutuwa ake ji wa tsoro, ba shi ba. Kuma kowa ya ji tsoron rantsuwar ƙarya don cin haƙƙin wani, tana cikin manyan zunubai.

Wanda ya kasa da wanda ya ƙi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma masu jinkiri iri biyu ne. Akwai wanda kasuwa ta karye masa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko albashi ya makale. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa irin wannan har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Shi ma kada ya riƙa laɓe-laɓe yana shigowa bayan an yi barci. Ya je da ƙafarsa kafin ranar biya, ya faɗi halin da yake ciki, ya kawo abin da ya samu ko rabi ne, ya faɗi ranar da yake sa ran cikawa. Saurarawa kuma ba ta nufin mai gida ya ci gaba da ba da ɗakinsa kyauta har abada. In abin ya ƙi, a taimaka wa mutum ya koma inda zai iya biya, jama'ar masallaci su duba shi a rabon zakka, domin mai bashin da ya rasa yadda zai yi yana cikin masu cin ta.

Akwai kuma wanda yake da shi amma yake ja. Ya sayi sabuwar waya, ya yi ankon biki, ya yi liƙi a gidan suna, haya kuwa sai "gobe, in sha Allahu". Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wannan bai cancanci saurarawa ba, kuma kai shi ƙara ba laifi ba ne.

Kada kowa ya zama alƙalin kansa

Ko da mai gida yana da gaskiya, ba shi da ikon kwance ƙofa, cire kwanon rufi, yanke wuta, kulle banɗaki, sa kwaɗo a ɗaki, ko watsa kayan mutane waje. Shari'a ta hana cuta da ramuwa da cuta, kuma a cikin ɗakin akwai mata da yara da ba su ci bashin kowa ba. A dokar ƙasa, kotu ce kaɗai take ba da umarnin fitar da ɗan haya, bisa dalilan da aka lissafa, kamar hayar da ta wuce wata ɗaya ba a biya ba, ko saɓa sharaɗi, ko damun maƙwabta, ko mai gida yana buƙatar wurin don zaman kansa ko iyalinsa. Takura wa ɗan haya don ya gaji ya tashi laifi ne da ake hukunta mutum a kansa.

Shi ma ɗan haya kada ya mai da wannan kariya garkuwar zalunci. Cewa ba a fitar da shi sai da kotu ba ya nufin zaman kyauta. Duk daren da ya kwana a ɗakin akwai kuɗinsa. Riƙe haya gaba ɗaya saboda ana jayayya a kan kuɗin wuta, ko kwashe kaya da tsakar dare a gudu da bashi, ko fasa abu don huce haushi, duk zalunci ne. Wannan hukunci bai bambanta ba ko mai gidan Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Da yawa cikinmu a gidajen Asantawa Kiristoci muke, kuma da yadda muke biyan haya suke auna addininmu.

Matakan warware rikici

Na farko, mutum ya zauna shi kaɗai da biro da takarda: me aka ƙulla, me na biya, me ya rage, a kan me muke jayayya. Sau da yawa in an yi lissafi sai a ga abin bai kai yadda zuciya ta hura shi ba. Abin da babu jayayya a kansa a ci gaba da biyansa a kan lokaci.

Na biyu, su haɗu su biyu a keɓe, ba a tsakar gida gaban mata da yara ba, ba kuma lokacin da rai yake ɓace ba. Ɗan haya ya yi sallama ya gaisa, sannan ya ce, "Baba Alhaji, na zo ne mu duba lissafin nan tare, don kada in ci naka, kada kuma nawa ya shige." Mai gida ma yana iya cewa, "Malam, wata biyu ke nan ban ji daga gare ka ba, lafiya dai ko?" Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali wajen saye da sayarwa da neman bashinsa.

Na uku, in abin ya ƙi, a kira masu sulhu da duka biyun suka yarda da su: liman, ko dattijon unguwa, ko sarkin zango, ko magajiya in mata ne. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Manzon Allah ya yaye labulen ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu nuni da hannu da ya sauke rabi, Ka'abu ya amsa, sannan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya. Mu duba yadda sulhun ya taɓa kowa: ɗaya ya rage, ɗaya ya biya nan take. Masu sulhu su ji ta bakin kowane ɓangare, kada su karkata ga mai kuɗi don girmansa ko ga talaka don tausayinsa. Abin da aka daidaita a kai a rubuta, da adadi da rana, shaidu biyu su sa hannu. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sulhu da hukuncin gargajiya in ɓangarorin sun shiga da yardarsu.

Na huɗu, ofishin Rent Control. Ɗan haya ko mai gida, kowa yana iya kai kuka. Za a kira su duka, jami'in haya ya saurare su ya duba takardu, in bai warware ba ya tura su kotu. A je da yarjejeniya da rasit da saƙonnin momo da shaidu. Neman haƙƙi ta wannan hanya ba tozarta ɗan'uwa ba ne in an bi matakan farko. Sai dai mu tuna, hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Wanda ya fi iya baki ya ci shari'a alhali ya san kuɗin ba nasa ba ne, hadisi ya gargaɗe shi cewa yankin wuta aka yanka masa. Kuma wanda aka zalunta an yarda ya faɗi kukansa ga mai iya share masa hawaye, amma yaɗa sunan mutum a majalisa da zaurukan WhatsApp gulma ce.

Aikin ɗalibai

Ku ɗaliban makaranta, iyayenku da kakanninku da yawa ba sa karanta takardar Turanci, suna dangwala yatsa ne a kan abin da ba su sani ba. Ku karanta musu, ku fassara musu kafin su dangwala. Inda babu takarda ku rubuta musu, ko da Hausa ko da ajami. A sa sunayen ɓangarorin biyu da ɗakin da ake magana a kai, kuɗin wata da abin da aka biya gaba, ranar shiga da ranar ƙarewa, yadda za a raba wuta da famfo da bola da salga, wanda gyara yake kansa, yadda za a yi in wani ya so rabuwa kafin wa'adi, da tsawon sanarwa kafin ƙari ko tashi. A ɗauki hoton ɗakin da waya ranar shiga. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda ya riga ya shiga ba takarda, bai makara ba, a wannan makon ma ana iya zama a rubuta.

Wanda kuma ya san akwai sauran hayar wani tsohon gida a wuyansa, ko adibans ɗin wani da ya riƙe, ya neme shi ko magadansa ya biya ko ya nemi yafiya tun ana biya da sidi, kafin ranar da za a biya da lada.

Allah Ya ba masu haya ikon biya, Ya ba masu gidaje tausayi da adalci, Ya mallaka wa marasa muhalli nasu, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.